Lafiyar Gida: Cin Ruwan Da Ya Ƙi Warkewa

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ciwo wanda mutane suke rainawa, har waɗansu sukan ji kunyar kai shi asibiti, watau cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa. Da damina ta kankama yakan tashi a gidaje da yawa. Mu da muke koyarwa a makaranta mukan gan shi ga manyan 'yan makaranta, musamman masu kwana a makaranta, mukan kuma ji kukan iyaye a kansa. Kukan kuwa kusan iri ɗaya ne kullum: "Mun sayi magani, mun shafa, ya tafi, ga shi kuma ya komo."

To, abin da muke so mu nuna muku shi ne, cin ruwa yana warkewa sarai. Yawancin wanda ake cewa ya ƙi jin magani, in aka bincika sai a tarar ko dai an daina shafa maganin tun lokaci bai yi ba, ko an shafa wanda bai dace ba, ko kuwa an warkar da ƙafa amma an bar ciwon a cikin farce da takalmi da wurin wanka. Bari mu bi waɗannan ɗaya ɗaya.

Mene ne cin ruwa?

Sunan da muka ba shi ya sa mutane suna tsammani ruwa ne yake cin ƙafa. Ruwa yana taimakonsa ƙwarai, amma ainihin mai ɓarnar wani abu ne mai rai, ɗan ƙanƙane wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Shi dangin fumfuna ne, irin wadda takan fito a kan tuwon da ya kwana biyu ko burodin da aka manta a leda. Likitoci suna da sunaye ga ire-irensa, wanda ya fi yawa a ƙafar mutum kuwa shi ne Trichophyton rubrum. Dangi ɗaya suke da masu kawo makero a jiki da ƙora a kan yara.

Abincin wannan fumfuna shi ne keratin, watau abu mai tauri wanda yake cikin fatar waje da gashi da farce. Tana son ɗumi da laima da duhu. In kuwa kun duba, babu inda waɗannan 3 suka taru kamar cikin takalmi sau-ciki wanda aka yini da shi a ƙafa. Saboda haka kakanninmu masu tafiya ƙafa ba takalmi, ko da fade, ba su sha wahalarsa kamar mu ba. Ko a Turai ma, a farkon ƙarni na 20 likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne wanda ba a cika gani ba. Ya yaɗu ne da yawan sa rufaffen takalmi, da wuraren wanka na taro, da sojoji a lokacin yaƙe-yaƙen duniya guda 2. Turawan Ingila da na Amurka suna ce da shi ƙafar ɗan wasa, gama yana yawan kama 'yan wasanni masu wanka a ɗaki ɗaya.

A wurinmu waɗanda ya fi damu su ne soja da 'yan sanda, da 'yan makarantar kwana, da ma'aikatan ofis masu yini da safa, da manoman fadama masu sa takalmin roba mai tsawo, da mata masu daɗewa a wurin wanki ƙafa cikin ruwa. Ya fi kama manya da samari, ba ya cika kama ƙananan yara ba. In kun ga yaro ɗan shekara 4 ko 5 ƙafarsa tana saɓa, kada ku yi saurin cewa cin ruwa ne, ku bari a duba shi tukuna.

Mutum yakan ɗauke shi daga ɓarɓashin fatar mai ciwon. Wannan ɓarɓashi yakan zuba a daɓen wurin wanka, da tabarma, da tawul, da safa, da cikin takalmi, irin fumfunar kuwa yana iya zama da rai a cikinsa har watanni.

Kamanninsa guda 3

Na fari shi ne wanda kowa ya sani. Fatar tsakanin yatsu takan yi fari, ta yi laushi kamar an jiƙa ta, ta tsage, tana ƙaiƙayi da zafi, wani lokaci da wari. Ya fi farawa tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, domin nan ne ya fi matsewa, iska ba ta shiga.

Na biyu shi ne na tafin ƙafa. Wannan ba ya jiƙewa. Tafin ƙafa da gefenta da diddige sukan bushe, su yi kauri, suna fid da gari fari fari a cikin layukan fata. Sau da yawa ba ya ƙaiƙayi sosai, don haka mutum yakan yi shekaru da shi yana cewa kaushi ne ko faso na hunturu. Bambancinsu shi ne faso yakan yi sauƙi in an shafa man kaɗanya ko basilin, in sanyi ya wuce kuma ya tafi, amma wannan yana nan rani da damina. Yakan kama ƙafa duka 2, wani lokaci har da tafin hannu ɗaya, wanda ake susa da shi. Shi ne ya fi wuyar magani.

Na uku yakan fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa a cikin kwarin tafin ƙafa ko a gefenta, da ƙaiƙayi mai tsanani. Yakan tashi farat ɗaya, musamman lokacin zafi.

Me ya sa yake komowa?

Dalili na fari shi ne gajen haƙuri. Mutum ya fara shafa magani, bayan kwana 3 ko 4 ƙaiƙayi ya lafa, sai ya jefa maganin a kan taga ya manta da shi. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Ƙaiƙayi yakan riga fumfunar tafiya. Fatar jikin mutum takan ɗauki kamar mako 4 kafin ta sabunta, ta tafin ƙafa kuwa ta fi haka daɗewa saboda kaurinta. Muddin tsohuwar fata mai ɗauke da ciwon ba ta gama zubewa ba, sauran fumfunar yana nan yana jiran a daina magani. Kowane manomi ya san tofa. In ka sare ganyenta gona takan yi kyau mako 2, amma saiwar tana ƙasa.

Dalili na biyu shi ne man shafawa irin wanda ake cewa yana aiki 3 a haɗe. Kantunan magani da 'yan tebur a kasuwa cike suke da shi, mutane kuwa suna sonsa domin yana kwantar da ƙaiƙayi cikin dare ɗaya. A cikinsa akwai maganin fumfuna, da maganin bakteriya, da wani abu mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. Aikin sitiroyid shi ne ya danne ja da kumburi da ƙaiƙayi, amma yana yin haka ne ta wurin raunana ƙarfin da fata take yaƙar ciwo da shi. Sai ido ya ga kamar an warke, alhali fumfunar tana ƙara yaɗuwa a ɓoye. Da an daina shafawa sai ciwon ya tashi fiye da dā, mutum ya sake sayen man, haka nan har shekara. Tun 1968 likitocin fata a Ingila suka ba wannan hali suna, gama ciwon yakan sāke kama har likita ma ya sha wuyar gane shi. Yawan shafa irin wannan mai yana kuma sa fata ta yi siriri, ta koɗe, ta yi nankarwa.

Za mu rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali, domin ku iya gane su a kanti. In kun ga betamethasone, ko clobetasol, ko dexamethasone a cikin abubuwan da aka haɗa man da su, ku ajiye shi, ba na cin ruwa ba ne sai in likita ne ya rubuta shi na 'yan kwanaki. A ƙasar Indiya, inda aka yi shekaru ana shafa irin waɗannan mayuka ba ƙaidi, wata irin fumfuna ta bayyana wadda sau da yawa ba ta jin maganin da aka saba ba. A 2020 aka ba ta suna Trichophyton indotineae, ta kuwa riga ta kai waɗansu ƙasashe, har da Amurka inda aka ba da labarinta a 2023. Wannan gargaɗi ne gare mu, tun da yake mu ma muna sayen man shafawa yadda muka ga dama.

Dalili na uku shi ne maɓoya. Babbar maɓoyarsa farcen ƙafa ne. In farce ya yi kauri, ya zama rawaya ko fari ko ƙasa-ƙasa, yana marmashewa a baki, mai yiwuwa fumfunar ta shiga shi. Man shafawa ba ya ratsa farce. Ko an warkar da fata sau 10, farcen zai sake shuka mata ciwon. Sauran maɓoyan su ne tsohon takalmi, da safa, da matsematsi in ciwon ya kai can, da wani mutum a cikin gidan wanda yake da shi bai yi magani ba.

Dalili na huɗu shi ne laima. In an gama magani amma ƙafa ta koma cikin gumi daga safe har dare, to an sake share wa ciwon gona.

Yadda za a yi maganinsa

Ga na tsakanin yatsu, man shafawa ya isa in an bi ƙa'ida. Ga waɗanda ake samu a kantin magani:

Terbinafine. Shi yana kashe fumfunar, yana kuma daɗewa a cikin fata bayan an daina shafawa. Ana shafa shi sau 1 ko sau 2 a rana, mako 1 zuwa 2. Ya fi sauran tsada, amma shi ya fi saurin aiki.

Clotrimazole ko miconazole. Waɗannan sun fi araha, aikinsu kuwa ya fi ga hana fumfunar girma har fata ta zubar da ita. Saboda haka suna bukatar lokaci. Ana shafawa sau 2 a rana har mako 4 cur, ko da ƙafa ta yi kyau tun a mako na fari.

Man Whitfield. Tsohon magani ne, wani likitan fata na birnin Landan mai suna Arthur Whitfield ne ya haɗa shi fiye da shekara 100 da suka wuce. Yana da araha, yana kuma sa busasshiyar fata mai kauri ta saɓe. Shi ma sau 2 a rana har mako 4. Amma yana da zafi a kan fatar da ta tsage, don haka ya fi dacewa da busasshen wuri.

Kowanne kuka zaɓa, ga yadda za a shafa shi:

1. A wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai tsabta, safe da dare.

2. A share ta sarai da tsumma ko tawul wanda ba a share sauran jiki da shi. A bi tsakanin yatsu ɗaya ɗaya. Kada a dirje da ƙarfi har fata ta ɗaye. In da hali a zauna minti 5 iska ta busa ƙafar.

3. A shafa maganin kaɗan kaɗan, kada a cusa shi ya taru. A wuce bakin ciwon da kamar faɗin yatsa 2, gama fumfunar takan riga ta wuce inda ido yake gani. A duba dukan tsakanin yatsu na ƙafa 2, a shafa duk inda akwai alama.

4. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

5. Ranar da aka fara, a ɗauki alƙalami a sa alama a kalanda, a ƙirga kwanakin, a sa alama a ranar gamawa. Kada a tsaya sai an kai ranar. In kuwa bututu ɗaya ba zai kai ba, a sayi na biyu tun na fari bai ƙare ba.

In wurin yana tsattsafo da ruwa ƙwarai har mai ba ya kamawa, malaman asibiti sukan ba da wani gari mai launin shunayya, potassium permanganate, a jiƙa ƙafa a ciki minti 10 zuwa 15 domin ya bushe. Ɗan ƙanƙane ake sawa a cikin ruwa mai yawa, har launin ya zama ja-ja mai haske ƙwarai, a kuma tabbata ya narke duka. In ya yi duhu yana ƙona fata. Yakan rina farce da fata ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci. A ajiye shi nesa da yara, gama dafi ne in an sha.

Mata masu ciki da masu shayarwa, da ƙananan yara, a tambayi likita ko mai harhaɗa magani kafin a fara kowane irin magani.

Takalmi da safa da wurin wanka

Wannan aiki rabin magani ne, a nan kuwa uwargida take da babban hannu.

Safa a sāke ta kowace rana, mai yawan gumi kuwa sau 2. Wanki da ruwan sanyi ba ya kashe irin fumfunar. Sai ruwa ya kai zafin digiri 60, watau zafin da hannu ba ya iya zama a ciki. A jiƙa safa da tsumman ƙafa a cikin irin wannan ruwa da sabulu, a wanke, a juya cikinsu waje, a shanya a rana su bushe ƙayau. In akwai dutsen guga a goge su.

Takalmin da aka yini da shi ba ya bushewa cikin dare ɗaya. Wanda yake da guda 2 ya riƙa sa wannan yau, wancan gobe. Wanda ba shi da shi sai guda, da ya komo gida ya tuɓe, ya kwance igiya, ya fid da shimfiɗar ciki, ya sa shi inda iska da rana za su same shi. Akwai hodar maganin fumfuna da ake barbaɗawa a cikin takalmi da safa, tana taimako. Tsohon takalmin da ya sha gumin ciwon shekara da shekaru, in an iya rabuwa da shi a rabu. Takalmin gwanjo kuwa a wanke cikinsa a shanya shi sosai kafin a fara sawa.

A gida a zauna da fade ko silifa domin ƙafa ta sha iska. Ma'aikacin ofis yana iya zare takalmi a ƙarƙashin tebur lokacin hutu. Manomi mai takalmin roba ya sa safa a ciki, ya tuɓe shi in ya zauna cin abinci, da yamma kuma ya ɗauraye cikinsa ya kife shi a kan sanda.

A wurin wanka kowa ya shiga da silifansa, kada a yi aro. A riƙa wanke daɓen da ruwan bilic a bar shi ya bushe. Kada a haɗa tawul, ko soso, ko dutsen goge kaushi, ko abin yanke farce. Masu ba 'yan yankan farce ƙafarsu a kasuwa su tuna almakashin nan ya bi ƙafafu da yawa kafin ya zo kansu. Gara kowane gida ya sami nasa, mai ciwon farce kuwa a ware masa nasa dabam.

Ga wata dabara ƙarama: mai cin ruwa ya riƙa sa safa kafin ya sa gajeren wando na ciki. In ba haka ba wandon yakan kwashi ciwon daga ƙafa ya kai shi matsematsi.

In mutum 2 ko 3 suke da shi a gida ɗaya, a yi musu magani lokaci ɗaya. Iyayen 'yan makarantar kwana kuma, in yara suka zo hutu ku duba ƙafafunsu tun a makon fari, domin a gama magani kafin su koma. Saurayi ba zai faɗa muku da kansa ba. In za su koma ku tabbata akwai silifa da safa aƙalla 4 a cikin akwati.

Abubuwan da ba za a sa ba

Mun sha jin ana zuba wa cin ruwa kananzir, ko man birki, ko baƙin man mota, ko ruwan batir, ko bilic tsantsa, ko dakakkiyar tafarnuwa a ɗaure. Mutane sukan ce in ya yi zafi to yana aiki. Zafin nan ƙuna ce. Fatar da ta ƙone kuwa ƙofa ce a buɗe ga cututtukan da suka fi cin ruwa haɗari. Waɗansu kuma sukan fasa kafso su barbaɗa garin a tsakanin yatsu. Kafso irin wannan maganin bakteriya ne, ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Lalle, wanda iyayenmu mata suke ƙunsawa, yakan busar da wurin, amma yakan rufe launin fata har mai dubawa ya kasa ganin yadda ciwon yake, kada kuma ya hana a yi cikakken magani. Basilin da man kaɗanya suna da kyau ga faso a diddige, amma kada a sa su tsakanin yatsu, gama suna riƙe laima.

Sa'ad da ya kamata a je asibiti

In an shafa maganin da ya dace, an bi ƙa'ida mako 2 ba a ga wani sauƙi ba, ko an cika mako 4 bai tafi ba, to lokacin sayen wani sabon bututu ya wuce. Haka kuma in ya kama dukan tafin ƙafa, ko ya shiga farce, ko ya bazu zuwa hannu da jiki. Irin waɗannan sukan bukaci maganin sha.

Wanda likitoci suka fi bayarwa ga babban mutum shi ne ƙwayar terbinafine mai miligiram 250, guda 1 a rana. Domin fatar ƙafa ana sha mako 2 zuwa 6, domin farcen ƙafa kuwa kamar wata 3. Akwai kuma itraconazole. Kada kowa ya sayi waɗannan da kansa. Suna bi ta hanta, suna kuma karo da waɗansu magunguna, saboda haka likita zai tambayi ko mutum yana da ciwon hanta ko na zuciya, ko mace tana da ciki, zai yiwu kuma ya sa a gwada jini. Wanda yake shan su in ya ga idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko yana yawan tashin zuciya, ya daina nan da nan ya koma asibiti. Griseofulvin, wanda aka fara ba mutane a 1958, har yanzu ana ba yara shi domin ƙora, amma ga ƙafa da farce sababbin magungunan sun fi shi. Ƙwayar ketoconazole kuwa, tun 2013 hukumomin magani na Turai da Amurka suka hana a riƙa ba da ita domin ciwon fata da farce, saboda lahanin da take yi wa hanta. In wani mai kanti ya miƙo muku ita kada ku karɓa.

Masu maganin farce su sani farcen babban yatsa yana girma a hankali ƙwarai, bai kai milimita 2 a wata ba. Ko an kashe ciwon, sai shekara 1 ko fiye kafin mummunan farcen ya gama fita. Alamar nasara ita ce sabon farce mai kyau yana tasowa daga gindi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani amfanin zuwa asibiti shi ne a tabbata ko cin ruwa ne. A manyan asibitoci akan kankari ɓarɓashin fata kaɗan, ba zafi, a duba da madubin likita, wani lokaci kuma a shuka shi a ɗakin gwaji mako 2 zuwa 4 a ga irin da zai tsiro. Kafin a je a daina shafa kowane mai na 'yan kwanaki, a kuma tafi da kwalayen duk abin da aka taɓa shafawa. Akwai cututtuka masu kama da shi. Akwai wanda bakteriya suke kawowa, mai sa tafin ƙafa ya yi ƙananan ramuka da wari ƙwarai. Akwai wanda fata take ƙin robar takalmi ko rinin fata, wannan ya fi fitowa a bayan ƙafa inda takalmin yake gogawa. Akwai kuma wata irin fumfuna ta ƙasa da itatuwa da ake samu a Afirka ta Yamma, wadda take kama tafin ƙafa da farce kamar cin ruwa sak, amma ba ta jin yawancin magungunan da muka ambata. Ba a rarrabe waɗannan da ido a kantin magani.

Waɗanda ba za su jira ba

Tsagar da take tsakanin yatsu ƙarama ce, amma bakteriya suna shiga jiki ta nan. In ƙafa ta kumbura, ta yi zafi in an taɓa, ja yana hawa zuwa ƙwauri, ko mugunya ta fito, ko kaluluwa ta tashi, ko zazzaɓi ya zo da rawar ɗari, a tafi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.

Masu ciwon sukari su ne suka fi shiga haɗari. Ciwon sukari yakan kashe jin ƙafa, yakan kuma rage gudun jini zuwa can, sai ƙaramar tsaga ta zama gyambo mutum bai sani ba. Irin wannan gyambo yakan kai har ga yanke yatsa ko ƙafa. Mai ciwon sukari ya duba tsakanin yatsunsa kowace rana. In ido ko baya ba su bari ba, ɗa ko jika ya duba masa. Da an ga fari ko tsaga a nuna wa likita, kada a jiƙa ƙafar a ruwan zafi, kada kuma a kankare ta da reza. Har wa yau, babban mutum wanda cin ruwa da sauran ciwon fata suke ta komo masa, yana kuma yawan ƙishirwa da fitsari, ya kamata a gwada sukarinsa.

Haka kuma masu tundurmi da duk mai kumburin ƙafa na kullum. Zazzaɓin nan mai zafi da yakan tasar musu, wanda yake ƙara wa ƙafar girma kowane karo, sau da yawa ta tsagar tsakanin yatsu yake shiga. Wanke ƙafa da sabulu kowace rana, da share ta sarai, da maganin cin ruwa da wuri suna rage yawan tashinsa. Wanda ƙarfin jikinsa ya ragu saboda wani dogon ciwo, shi ma ya nemi likita tun da fari.

Bayan an warke

Wanda ya taɓa yin cin ruwa yana iya sake ɗaukarsa, gama jiki ba ya yin rigakafinsa kamar yadda yake yi wa ƙyanda. Saboda haka share tsakanin yatsu bayan wanka, da sāke safa, da shanya takalmi su zama al'ada ta kullum. Wanda nasa yake yawan komowa yana iya barbaɗa hodar magani a takalmi dukan damina, da ya ga alamar fari kuma ya fara shafa mai a ranar, ya cika kwanakinsa.

Muna roƙonku ranar Asabar mai zuwa, bayan wanka, maigida da uwargida ku tara iyali a tsakar gida inda akwai haske, a duba ƙafar kowa, a buɗe tsakanin yatsu, a duba farce da diddige. Ku fito da takalman gidan duka ku jera su a rana. Ku kuma ɗauko mayukan shafawa da suke kan taga da cikin akwati ku karanta abin da aka rubuta a jikinsu. In akwai tsoho mai ciwon sukari a gidan, da shi za a fara.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.